Kwamfuta Ta Ƙi Gina Manhaja: Laifin Wa?

Ranar Talata, 22 ga watan Maris na 2016, masu rubuta manhaja a sassa daban-daban na duniya suka ba kwamfutocinsu umarnin da suka saba bayarwa kullum, wato su harhaɗa aikin da ke hannunsu ya zama manhaja. Sai kwamfutocin suka ƙi. Babu wanda ya taɓa ko harafi ɗaya a rubutunsa, amma abin da ya yi aiki jiya ya tsaya cak. Da aka bi diddigi, sai aka tarar wani mai rubuta manhaja, Azer Koçulu, shi ne ya janye ƙunshe-ƙunshensa sama da 250 daga rumbun npm, don fushin da ya yi bayan an karɓe sunan wani ƙunshi nasa, kik, an miƙa wa kamfanin Kik. A cikin abin da ya janye akwai wani ɗan mitsitsi mai suna left-pad, layi 11 kacal, wanda aikinsa bai wuce cike gefen hagu na rubutu da sarari ko sifiri ba. Manyan ayyuka irin su Babel da React sun jingina da shi a kaikaice, dubban wasu kuma sun jingina da su. Sai da masu kula da npm suka dawo da ƙunshin ba da yardar mai shi ba, bayan kusan awa biyu da rabi, sannan hankali ya kwanta.

Ɗan koyo da ya zauna gaban kwamfutarsa, ya bi darasi daki-daki, ya buga umarni, sai allo ya cika da jajayen layuka, yakan ɗauka kansa ne ba ya ja. Da yawa daga nan suke ajiye sana'ar tun ba su rubuta layi goma na kansu ba. Alhali a mafi yawan lokuta rubutunsa ba shi da laifi, domin kwamfutar ba ta ma kai ga karanta shi ba. Kayan aikin da aka tara a kan injin ne ba su jitu da juna ba, kuma irin wannan yakan kayar da ƙwararrun Facebook kamar yadda yake kayar da ɗalibin ajin farko.

Kwamfuta ba ta jin yaren da mutum yake rubuta manhaja da shi. Dole wata manhajar, wadda masu sana'ar ke kira kwamfaila, ta juya rubutun zuwa umarnin da injin ke ganewa, a haɗa shi da guntattakin da wasu suka riga suka rubuta, a jera komai bisa tsari. Wannan aikin shi ake kira gini, kuma yana kama da gini na gaske: mai gida ya zana fasali, magini ya bi tsari, amma bulo da siminti da rodi daga wajen wasu ake sayowa, kuma in bulon da aka kawo yau bai yi girma ɗaya da na jiya ba, katanga ba za ta miƙe ba komai kyan zanen. Manhajar gini ita ce maginin. Kayan da ake kawowa daga waje su ne ƙunshe-ƙunshen dogaro.

Kakan manhajojin gini shi ne Make, wanda Stuart Feldman ya rubuta a ɗakin bincike na Bell Labs a Amurka a 1976. Tun daga kansa aka fara ciwon kai. A cikin fayil ɗin Make, kowane layin umarni dole ya fara da maɓallin Tab. In aka sa sarari a madadinsa, ido ba zai ga bambanci ba, amma Make zai tsaya ya ce "missing separator". Feldman da kansa ya bayyana cewa ya gane zaɓin bai yi kyau ba, sai dai a lokacin ya riga ya sami 'yan masu amfani da shi kamar goma sha biyu, bai so ya ɓata musu aiki ba. Kusan shekara hamsin ke nan ana tuntuɓe da wannan Tab ɗin. Bayan Make aka sami CMake a 2000, Maven a 2004 ga masu yaren Java, pip a 2008 ga masu Python, npm a 2010 ga masu JavaScript, sai Gradle da Google ta ɗauka don gina manhajojin Android a 2013. Na baya-bayan nan sun ƙara wani aiki: su ne ke shiga intanet su sauko da kayan dogaro. Mutum ya nemi ƙunshi ɗaya, shi kuma ƙunshin yana buƙatar goma, kowanne cikin goman yana da nasa. Ba abin mamaki ba ne ƙaramin aikin JavaScript ya tara ƙunshi ɗari-ɗari a cikin foldar node_modules kafin mai shi ya rubuta komai.

Tuntuɓen farko ya fi kowanne sauƙin magani. Mutum ya saka Python a Windows, ya buɗe tagar umarni, ya rubuta sunanta, sai a ce masa "is not recognized as an internal or external command". Python tana nan daram, kwamfutar ce ba ta san inda take ba. Akwai wani jerin foldoji da ake kira PATH, kuma nan ne babbar manhajar kwamfutar, irin su Windows, ke leƙawa in an kira umarni. A shafin farko na saka Python akwai ɗan akwati da ake dannawa don a ƙara ta cikin jerin, kuma a buɗe yake zuwa ba a danne ba, mai sauri sai ya wuce shi. Ko bayan an gyara, tagar da ke buɗe tana riƙe da tsohon jerin, sai an rufe ta an buɗe sabuwa.

Wanda ya fi wannan rikitarwa shi ne kwamfuta mai Python biyu ko uku: ɗaya daga shagon Microsoft, ɗaya daga Anaconda, ɗaya da aka sauko da hannu aka manta. Sai pip ta saka ƙunshi a ɗaya, a kira wata daban, ta rantse ba ta taɓa ganinsa ba. Umarnin where python a Windows, ko which python3 a Linux da Mac, yana tona wadda ke amsa kira. Shi ya sa gogaggu suke rubuta python -m pip install maimakon pip install kawai, don ƙunshin ya sauka a hannun wadda za ta yi aiki da shi.

Sai babban dodon masu Windows, saƙon nan da ke cewa "Microsoft Visual C++ 14.0 or greater is required". Mai koyon Python yakan tsaya ya yi mamaki: me ya haɗa shi da C++? Abin da ya faru shi ne, ƙunshe-ƙunshe masu nauyin lissafi, irin su NumPy, akwai sassansu da aka rubuta da yaren C don sauri. Masu su sukan gina su tun a can, su ajiye gininne ga kowace sigar Python da kowace babbar manhaja, abin da ake kira wheel. In pip ta sami wanda ya dace da injin, cikin daƙiƙoƙi an gama. In ba ta samu ba, sai ta sauko da ɗanyen rubutun ta ce za ta gina da kanta, ta nemi kwamfaila, Windows kuma ba ta zuwa da ita. Anan mutane da yawa suke yin kuskure na biyu, su sauko da Visual C++ Redistributable saboda kamar suna, alhali shi gudanar da gininniyar manhaja kawai yake yi, ba ya gini. Abin da ake nufi shi ne Visual Studio Build Tools, tare da zaɓar sashen "Desktop development with C++", kuma wannan gigabait da dama ne. Ga mai sayen data da kuɗin aljihunsa, wannan ba ƙaramar asara ba ce, musamman da yake sau da yawa ba a ma buƙatarsa. Sabuwar Python tana fitowa kowane watan Oktoba, masu ƙunshe-ƙunshe kuma sukan ɗauki makonni ko watanni kafin su gina mata nasu. Wanda ya ruga ya ɗauki sabuwa fil shi ne ke faɗawa ramin. Ya koma sigar da ta gabace ta, ƙunshin ya sauka lami lafiya. Doki da sabon abu a wannan fage ba ya biya.

Masu Linux da Mac ma ba su tsira ba, sai dai nasu maganin gajere ne. A Ubuntu da Debian, ƙunshin build-essential yana kawo kwamfaila da Make, in kuma aka ga kukan rashin "Python.h", python3-dev ne babu. A Mac, bayan sabunta babbar manhaja, git da make sukan fara cewa "invalid active developer path", umarnin xcode-select --install ya warkar da su. Tun da Apple ta fito da injinta na M1 a Nuwamban 2020 kuma aka sami wani sabon salo: ƙunshin da aka gina wa injin Intel ya ƙi zama a kan sabon.

Inda lamarin ya fi zurfi shi ne saɓanin siga, domin a nan komai yana kan kwamfutar, komai kuma lafiyarsa ƙalau, zamaninsu ne kawai ya bambanta. A Oktoban 2021 Node.js 17, manhajar da ke gudanar da JavaScript, ta fito da OpenSSL 3, wadda ta rufe wata tsohuwar hanyar lissafi mai suna MD4. Webpack 4 kuwa, manhajar gini ta masu JavaScript, da ita take aiki. Duk wanda ya ɗauko tsohon aikin React ya buɗe shi a sabuwar Node sai ya ga "digital envelope routines::unsupported", saƙon da ko kusa bai ambaci Webpack ba. A Oktoban 2023 Python 3.12 ta cire wani tsohon sashe mai suna distutils. Sai ga masu JavaScript, waɗanda wasunsu ba su ma san akwai Python a cikin sha'aninsu ba, suna ganin "No module named distutils", saboda node-gyp, manhajar da ke gina sassan C++ na ƙunshe-ƙunshen Node, da Python take aiki a ƙarƙashin ƙasa. A Yunin 2024 NumPy 2.0 ta fito, ƙunshe-ƙunshen da aka gina kan tsohuwarta suka riƙa faɗuwa har sai da aka sake gina su.

Masu gina manhajar Android sun fi kowa sanin wannan, don su abubuwa uku suke daidaitawa lokaci guda: Java, da Gradle, da mahaɗin Android na Gradle. Saƙon da suka fi gani shi ne "Unsupported class file major version", da wata lamba a gabansa. Lambar ba ta zo a banza ba. In aka cire 44 daga cikinta, sigar Java ce ke fitowa: 52 Java 8 ce, 55 Java 11, 61 Java 17, 65 kuma Java 21. Gradle ba ta fara aiki kan Java 17 ba sai daga siga 7.3, Java 21 kuma sai daga 8.5. A ɗaya gefen, mahaɗin Android siga 8.0 da ya fito a 2023 ba ya karɓar ƙasa da Java 17. Don haka aikin da aka rubuta a 2020 yana son tsohuwar Java, na 2024 yana son sabuwa, kwamfuta ɗaya kuma za ta ɗauke su duka. Wanda ya san da JAVA_HOME, alamar da ke nuna wace Java za a kira, da fayil ɗin gradle-wrapper.properties da ke faɗin wace Gradle aikin yake so, ya gama da rabin matsalar. Tsofaffin ayyukan Android suna da ƙarin wani tabo: suna neman kaya daga rumbun JCenter, wanda kamfanin JFrog ya sanar da rufe shi a Fabrairun 2021, sai an juya su zuwa Maven Central.

Akwai kuma matsalolin da masu rubuta darussa a Turai da Amurka ba kasafai suke tunawa da su ba, don ba sa cin karo da su. In wuta ta ɗauke ko data ta ƙare Gradle tana tsakiyar saukowa, rabin fayil yakan zauna a ma'ajiya, kuma duk gwajin da za a sake da wannan gurgun fayil za a yi shi, ana ta ganin "zip END header not found". Goge abin da ke cikin .gradle/wrapper/dists shi ne magani, a bar ta ta sake saukowa. A kwamfutar tebur da aka saya ta hannu kuma, sau da yawa ɗan batirin nan mai kamar kwabo da ke kan allon injinta, CR2032, ya mutu. Duk sanda aka kashe ta agogo ya koma shekarun baya, sai pip da npm su ƙi amincewa da takardar shaidar rumbun, su ce lokacinta bai yi ba. Mutum zai kwana yana zargin intanet, alhali kwanan wata ne. Har suna ma yana shiga ciki. Mahaɗin Android a Windows yana tsayawa ya yi gargaɗi in hanyar folda tana ɗauke da harafin da ba ya cikin haruffan Ingilishi, don haka folda mai suna Ɗalibai ko Ƙirƙira tana iya hana gini. Make ba ya shiri da sarari a sunan folda, wasu rubutattun umarnai kuma sukan rikice da alamar ɗauri irin ta Sa'adatu ko Mu'azu in da ita aka buɗe asusun kwamfutar. Windows tana da tsohuwar iyaka ta harafi 260 ga tsawon hanyar fayil. Folda mai gajeren suna na haruffan Ingilishi, ba sarari, a bakin faifan C tana kawar da yawancin waɗannan matsalolin suna a lokaci ɗaya.

Abin da ya raba gogagge da ɗan koyo ba haddace waɗannan ba ne, yadda suke karanta allon ne. Ɗan koyo yana duba layin ƙarshe, shi kuwa layin ƙarshe yawanci cewa kawai yake yi gini ya faɗi, wani lokaci da "exit code 1". Wannan sanarwar rasuwa ce, ba ta faɗin cutar. Gogagge yana gungurawa sama ya nemi kuskuren farko, don sauran duk 'ya'yansa ne, yana tsallake gargaɗi masu launin ɗorawa da ba su hana komai ba. Python ce ta fita daban, ita a ƙasan jerin take ajiye ainihin kuskuren, amma in pip ce ke gina wani ƙunshi, dalilin yana tsakiya, a inda kwamfaila ta yi magana. In bayanin ya yi kaɗan, ana iya roƙon ƙari da --verbose, ko --stacktrace a Gradle. Daga nan sai ya tambayi injin sigar kowane abu, ya gwada da abin da fayil ɗin README na aikin ya nema. Sannan ya canza abu ɗaya tak, ya sake gwadawa. Wanda ya canza abu biyar a tare, ko ya yi nasara bai san me ya gyara ba, in kuma abin ya ƙara lalacewa bai san me zai mayar ba.

Gyaran gangar Auzinawa kuwa ya yi yawa a wannan fage, kuma intanet cike take da shi. Shafin Stack Overflow, wanda Jeff Atwood da Joel Spolsky suka buɗe a 2008, ya ceci mutane ba adadi, amma amsar da ta fi ƙuri'a tana iya zama ta shekara goma da suka wuce, ta wata siga da ta shuɗe. Manhajojin hira masu ƙirƙirarriyar basira ma sukan ba da umarnin tsohon zamani da cikakken ƙarfin hali. Wani babban haɗari shi ne sa sudo, umarnin da ke ba da cikakken iko, a gaban pip: a Linux babbar manhajar kanta da Python take gudanar da wasu ayyukanta, kuma sauya mata ƙunshi yana iya gurgunta ta. Wannan ne ya sa Debian 12 da Ubuntu 23.04 suka fara hana pip taɓa Python ɗin gida, suna cewa "externally-managed-environment". Akwai hanyar tsallake shingen, sunanta --break-system-packages, sunan kaɗai ya isa gargaɗi. Haka --force da --legacy-peer-deps da ake liƙa wa npm in ta yi kukan ERESOLVE, kukan da ya yawaita tun fitowar npm 7 a 2020: suna rufe bakin mai gargaɗi, saɓanin yana nan yana jiran ranar da manhaja za ta faɗi a hannun mai amfani da ita. Kashe binciken takardar shaida don a huta da kuskuren SSL ya fi duka muni, don ya buɗe ƙofa ga duk wanda ke son cusa gurɓataccen ƙunshi. Ko kuskuren harafi a suna yana da hatsari: a 2017 an kama wani ƙunshi a npm mai suna crossenv, yana kwaikwayon cross-env na gaske, yana sace bayanan sirri daga injin duk wanda ya saka shi.

Rigakafin da masu sana'ar suka cim ma bayan shan wuya abu biyu ne. Na farko, kowane aiki a ware masa ɗakinsa. A Python umarnin python -m venv yana yin haka, nvm kuma tana barin mutum ya ajiye Node iri-iri ya riƙa sauyawa, in ɗakin ya rikice a goge shi a sake ba tare da an taɓa sauran kwamfutar ba. Na biyu, a rubuta ainihin sigar kowane ƙunshi a fayil ɗin kulle. Yarn, da Facebook ta fitar a Oktoban 2016, ta zo da yarn.lock, npm 5 ta biyo baya a 2017 da package-lock.json, umarnin npm ci kuma yana saka daidai abin da aka kulle ba ƙari ba ragi. Shawarar da ake yawan bayarwa ta a goge wannan fayil da zarar an ga matsala, zubar da shaidar abin da ya taɓa yin aiki ce. Docker, da ta bayyana a 2013, ta kai abin ƙarshe, tana naɗe aiki da duk muhallinsa a akwati guda, sai dai a Windows tana cin ƙwaƙwalwa sosai, tsohuwar kwamfuta mai gigabait 4 za ta sha wahala da ita.

In duk an yi wannan gini bai tashi ba, neman taimako ba abin kunya ba ne, amma yana da ladabinsa. Hoton allo da aka ɗauka da waya a karkace, da rubutun "ba ya aiki, a taimaka", ba ya ba kowa abin kamawa. Mai neman a duba masa ya kwafo saƙon kuskuren a rubuce tun daga layin farko, ya cire duk wata kalmar sirri da ke ciki, ya faɗi wace babbar manhaja yake kai, wace sigar Python ko Node ko Java, wane umarni ya buga, da abin da ya riga ya gwada. Malaman da ke koyar da rubutun manhaja kuma su daina tsallake wannan babi suna cewa kowa ya shirya kwamfutarsa a gida: su ware masa darasi guda cikakke, su faɗi sigar da za a yi aiki da ita, su kuma raba fayilolin sakawa a filashi don ɗalibai su huta da sayen data.